Birnin Yauri: Tsohuwar Fada da Ta Koma Garin Manoma

Birnin Yauri, wanda mutanen yankin suke taƙaitawa su ce Bin Yauri, gari ne a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, yana gabas da Kogin Kwara, ba nisa da Yelwa a kan hanyar Kwantagora. Matafiyin da ya ratsa shi a yau zai ɗauke shi ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan bakin titi, alhali shi ne mazaunin sarakunan Yauri na farko, ƙasar da masana tarihi suke lissafawa cikin Banza Bakwai, wato ƙasashen da suka yi maƙwabtaka da Hausa Bakwai suka kuma ɗauki harshe da tsarin sarautar Hausawa.

Girman birnin a dā ya samo asali ne daga kasuwanci, domin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a ƙasar Yauri kafin su ƙetare kogi. A zamanin Sarki Albishir ɗan A'i, wanda ya yi daidai da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Yauri ta yi sulhu da Gwandu, ta riƙe sarautarta tana biyan haraji. A shekarar 1830 Turawan Ingila biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun sauka a birnin suna neman takardun wani Bature mai yawon bincike, Mungo Park, wanda ya mutu a kogi kusa da Busa, sun kuma tarar da gari babba kewaye da ganuwa. Rikicin gadon sarauta da hare-haren Kwantagora ne suka raunana birnin, har sarauta ta bar shi, daga bisani Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fada a Yelwa a 1888.

Tun daga lokacin rayuwar garin ta koma kan gona da kasuwa. Ana noma dawa da gero da masara a tudu, shinkafa kuma a fadama, ranar kasuwa kuwa Kambari sukan fito daga tungayensu, wato ƙananan ƙauyukan gona, su haɗu da Fulani masu nono da kuma Gungawa, mutanen da asalinsu mazauna gungu ne, ma'ana tsibirin cikin kogi, waɗanda suka shahara da noman albasa. Kowace ƙabila tana da harshenta a gida, amma da Hausa ake ciniki. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsibirai da gonaki masu yawa, aka tsugunar da mutanensu a gaɓa, lamarin da ya ƙara cuɗanya ƙabilun yankin.

Abin takaici ne ƙwarai cewa yawancin 'yan Najeriya sun san sunan garin ne ta dalilin harin 17 ga Yunin 2021, lokacin da 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke can, ragowar 'yan matan da ke cikinsu kuwa ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Garin da ya riƙe sarautar Yauri ɗaruruwan shekaru ya cancanci tsaron da zai bar manomi ya je gonarsa, ya kuma cancanci masarauta da gwamnatin jiha su kula da ragowar ganuwarsa kafin noma da zaizayar ƙasa su shafe ta.