Asalin Kalma: Tumatir

Uwar da ke sayar da shinkafa da miya tare da 'ya'yanta a Barunde, cikin garin Gombe, ba ta rabuwa da wata kalmar mutanen Meziko: tumatir.

Asalinta "tomatl" ce, a harshen Nahuwatil na mutanen Aztek. Bayan Sifaniyawa sun ci babban birninsu a 1521, suka ɗauki irin da sunan, suka ce "tomate". Daga bakin Turawa ta iso mana.

Amma a hanya sunan ya sauya mai shi. "Tomatl" ta fi nufin wani ɗan koren abu mai ɓawo kamar takarda, jan kuwa "xitomatl" ne. Har gobe a birnin Meziko, in ka je kasuwa ka ce "tomate", koren za a miƙo maka. Jan sai ka ce "jitomate".

A wurinmu ja kawai kalmar ta sani, ko ɗanye ne daga lambunan Dadin Kowa, ko na gwangwani, ko na leda (wanda, a ganina, rabon suna kawai ya samu). In an yanka an shanya shi kuwa, sai ya koma kauɗa.