Rundunar Dashen Itatuwa Ta Shugaba Roosevelt

A watan Oktoba na shekarar 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta durƙushe, ta ja tattalin arzikin Amurka ƙasa. Ya zuwa 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu, ɗaya ba shi da aikin yi. Bankuna sun rufe da kuɗin jama'a, samari sun cika tituna suna neman abin sawa a baki. Ga kuma fari da guguwar ƙura suna kwashe ƙasar noma a filayen tsakiyar ƙasar, inda garma ta riga ta cinye ciyawar da ke riƙe da ita.

Franklin Roosevelt ya hau mulki ran 4 ga Maris, 1933. Watan bai ƙare ba sai da majalisa ta yarje masa kafa wata rundunar farar hula don raya dazuzzuka da ƙasar noma, wadda aka fi sani da CCC. Aka riƙa ɗaukar samari marasa aure, 'yan shekara 18 zuwa 25, ana kai su sansanoni ƙarƙashin kulawar soja. Ana ba kowanne abinci da sutura da makwanci, da dala 30 a wata. To, a nan dabarar take: tilas a aika da dala 25 gida. Wato kuɗin bai tsaya a daji ba, ya shiga hannun iyaye, daga nan ya wuce wurin mai kanti da mai gidan haya.

Cikin shekara tara, samari wajen miliyan 3 suka ratsa rundunar. Sun dasa itatuwa kusan biliyan 3, sun yi madatsan hana zaizayar ƙasa, sun kashe gobarar daji.

Amma fa shirin bai rasa aibu ba. Mata ba su da gurbi a ciki, baƙaƙen fata kuwa akasari sansaninsu daban. Kuma ba shi ya kawar da rashin aiki ba. Masana'antun Yaƙin Duniya Na Biyu ne suka kwashe samarin, aka rufe shirin a 1942.

Duk da haka, albashin ya ƙare tuntuni, dazuzzukan kuwa da yawansu suna nan tsaye. Mu da hamada ke cin gonakinmu daga Sakkwato zuwa Barno, ga matasa zaune a majalisa ba aikin yi, wannan tarihi ya isa marubutanmu su tsaya su yi nazari a kansa.