Kuɗin Haraji da Ɗan Tayi: Tarihin Wata Taƙaddama a Amurka

A watan Nuwamba na 1998 ne James Thomson na Jami'ar Wiskonsin ya sanar da cewa ya ciro ƙwayoyin halitta na tushe daga ɗan tayin mutum, ya kuma raya su a ɗakin gwaje-gwaje. Ana kiran su na tushe ne domin suna iya rikiɗa su zama kowane irin sashe na jiki, ko jijiya ko tsoka ko jini, abin da ya sa likitoci suka ɗora musu burin warkar da ciwon suga da cutar karkarwa da shanyewar jiki. Sai dai ana ciro su ne daga tayi mai kimanin kwana biyar, irin wanda ke saura a asibitocin da ke haɗa ƙwan mace da maniyyi ga ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kuma tayin ba ya rayuwa bayan an ciro su. Cocin Katolika da ƙungiyoyin yaƙi da zubar da ciki suka ce wannan kisan kai ne, masu goyon baya kuwa suka ce tayin da za a zubar ko yaya, gara a amfana da shi.

Gwamnatin tarayya ba ta taɓa haramta binciken ba, gardamar duk a kan aljihun da zai biya ne. Tun 1996 akwai dokar Dickey da Wicker, 'yan majalisa biyu na jam'iyyar Rifablikan, wadda ta hana kashe kuɗin tarayya a duk binciken da ake lalata tayi a cikinsa, shi ya sa ma Thomson ya dogara da kuɗin kamfanin Geron. A 1999 lauyar ma'aikatar lafiya, Harriet Rabb, ta fito da fassarar da aka yi ta dogara da ita daga baya: ƙwayoyin da aka riga aka ciro ba tayi ba ne, saboda haka gwamnati na iya biyan aikin da ake yi da su muddin wani ne ya biya cirowar. Wato dai a ci naman, amma kada a riƙe wuƙar.

Ranar 9 ga Agusta 2001 Shugaba George W. Bush ya taƙaita tallafin ga zuriyoyin ƙwayoyin da aka samar kafin wannan rana, zuriya kuwa na nufin ƙwayoyin da ke ci gaba da hayayyafa daga tayi guda. Ya ce sun haura 60, amma waɗanda suka amfanu ba su wuce 21 ba. Masu bincike suka koma raba ɗakunan aikinsu biyu, suna manna takarda a jikin firiza da madubin likita domin kada na'urar da aka saya da kuɗin gwamnati ta taɓa ƙwayoyin da ba a amince da su ba. Jam'iyyar shugaban ma ta dare, domin Nancy Reagan, wadda ta yi jinyar mijinta, tsohon shugaban ƙasa, cikin cutar mantuwa, da Sanata Orrin Hatch, wanda ya yi suna wajen adawa da zubar da ciki, duk sun nemi a sassauta. Sau biyu majalisa ta amince da sassaucin, a 2006 da 2007, sau biyu Bush ya hau kujerar na ƙi. Jihar Kalifoniya ba ta jira ba, a 2004 masu zaɓenta suka amince da ware dala biliyan 3.

Abin da ya rage zafin rikicin bai fito daga majalisa ba, daga Japan ya fito, inda Shinya Yamanaka ya nuna a 2007 cewa ana iya mayar da ƙwayar fatar babban mutum ta yi kama da ta tayi. Shugaba Barack Obama ya soke ƙa'idar Bush ranar 9 ga Maris 2009, wani alƙali ya dakatar da tallafin a 2010, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Janairun 2013. Duk da haka a cikin wannan taƙaddama babu shugaba ko kotun da ta yanke hukunci a kan matsayin tayi mai kwana biyar, an dai yi ta kewaye tambayar da dabarun lauyoyi. Dokar Dickey da Wicker kuwa tana nan, majalisa na sabunta ta cikin kasafin kuɗin kowace shekara.