TARIHI: A INA RUMBUN BAYANAI YAKE AJIYE FAYILOLINSA?



Bari in fara da tambaya. Hirarrakinka na WhatsApp da lambobin mutane da saƙonnin banki da ke shigo maka, a ina suke zaune? Kwanakin baya wani dattijo mai sayar da hatsi ya kawo min wayarsa, ta maƙale a tambari, ba gaba ba baya. Na ce, "Baba, wannan sai an yi mata falashin, kuma duk abin da ke ciki zai tafi." Ya ce, "Yi kawai ɗana, ai lissafina yana cikin layi." Lissafin bashin da yake bin mutane ne fa, kullum yana tura wa ɗansa ta WhatsApp. To ba ya cikin layi. Sai da muka kira ɗan ya tabbatar hirar tana nan a wayarsa, sannan na taɓa ta.

Kada ka ga laifin Baba. Da gangan aka tsara na'urori su ɓoye mana inda bayanai suke, kuma abin yana da tarihi.

A shekarar 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar RAMAC 305, wadda ita ce ta farko da aka sayar da faifan ajiya mai juyawa. Fayafayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma gaba ɗayansu haruffa miliyan 5 kawai suke ɗauka. Hoto biyu masu kyau na wayarka sun isa su cika shi. A wancan zamani babu mai tambayar ina bayanai suke, ga su nan a ɗaki kana kallo. Wahalar ita ce mai rubuta manhaja dole ya san hanyar da zai bi ya isa ga kowane bayani. In aka sauya tsarin ajiyar, sai an koma an gyara manhajar.

A 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a IBM, Edgar Codd, ya wallafa takardar da ta canza komai. Shawararsa ita ce a jera bayanai cikin jadawali, layi-layi, mai amfani ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta san inda za ta ɗauko. Daga nan aka samu yaren tambaya na SQL, kuma a 1979 Oracle ya fara sayar da manhaja mai aiki da shi. Ka ga an samu sauƙi. Amma tun daga lokacin sanin inda fayilolin suke ya koma hannun mutane ƙalilan, masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe rumbun tana amsa tambayoyin sauran.

A 1995 Michael Widenius ɗan ƙasar Finland da abokansa 'yan Suwidin suka fito da MySQL, kowa zai iya saukewa kyauta. Shekara ɗaya bayan haka PostgreSQL ya samu sunansa na yanzu, bayan ya taso daga wani aikin bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Nan take ɗalibai da masu ƙananan shafuka suka zama masu kula da saba, tambayar kuma ta dawo sabuwa: na ɗora, yana aiki, to ina fayilolin?

In kana koyon haɗa shafin intanet, ga yadda abin yake. A yawancin nau'ikan Linux, MySQL yana ajiya a /var/lib/mysql. A Windows yana cikin foldar ProgramData, wadda a ɓoye take sai ka ce a nuna maka ɓoyayyun foldoji. Masu XAMPP kuma su duba C:\xampp\mysql\data. Sai dai duk waɗannan wuraren asali ne, wanda ya ɗora manhajar yana iya sauya su a fayil ɗin saiti, my.cnf ko my.ini, a layin da aka rubuta datadir. Shi ya sa hanya mafi tabbas ita ce ka tambayi sabar da kanta. A MySQL ka rubuta:

SELECT @@datadir;

A PostgreSQL kuma:

SHOW data_directory;

Za ta faɗa maka wurin da take amfani da shi a yanzu, ba wanda kake zato ba. Kuma in ka gano wurin, don Allah kar ka shiga kana goge abin da ba ka sani ba don neman fili. Kar kuma ka kwafi foldar saba tana kunne, kwafin zai iya fitowa a lalace. Akwai kayan aikin da aka tanada don haka, irin su mysqldump da pg_dump.

In kana ganin wasa ne, ji abin da ya faru ranar 31 ga Janairu, 2017. Wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, yana gyaran matsala da dare a gajiye. Ya tashi goge foldar bayanan PostgreSQL a saba ta biyu, ashe a kan ta farko yake, wadda jama'a ke amfani da ita. Kafin ya ankara ya tsayar, daga kusan gigabayit 300 saura kamar 4.5. Da suka juya kan hanyoyin ajiyarsu na ko-ta-kwana, sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin lamarin shi ya cece su, abin da aka yi cikin awannin nan shida kuwa ya tafi. Kamfanin da kansa ya fito ya ba da labarin. Mutumin nan ya san sunan foldar sarai, abin da ya kuɓuce masa shi ne a kan wace na'ura yake tsaye.

To ina alaƙar wannan da wayarka? A shekarar 2000 wani Ba'amurke, Richard Hipp, yana aikin manhajar wani jirgin ruwan yaƙi na sojojin Amurka. Abin da ya dame shi, duk lokacin da sabar rumbun ta tsaya, manhajar ma sai ta tsaya. Sai ya rubuta SQLite, rumbun da ba ya buƙatar saba, komai yana cikin fayil guda. Yau shi ne a cikin kowace Android da kowace iPhone.

Hirarka ta WhatsApp a Android tana cikin fayil mai suna msgstore.db, a wani ɓangare na mimorin waya da tsarin Android ya kulle, ba ka iya leƙawa ta File Manager. Abin da kake iya gani kwafi ne rufaffe da manhajar ke yi da daddare. A da yana cikin foldar WhatsApp, sannan Databases. Bayan fitowar Android 11 a 2020, wadda ta ƙara tsaurara dokar shiga foldoji, ya koma:

Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Databases

Shi ya sa wasu suka ɗauka hotunansu da hirarsu sun ɓata, alhali gida kawai suka sauya. Ka sani kuma, WhatsApp ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa wayarka a sabarsa. Wanda bai isa ba ne yake riƙewa, shi ma iyakarsa kwana 30. Sannan wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama a rufe mimorinsu yake da mabuɗin sirri, don haka in allon injin ya mutu gaba ɗaya, ciro mimorin ba ya nufin an samu bayanan.

Ga abin da nake so ka yi yau, ba gobe ba. Buɗe WhatsApp, shiga Settings, sannan Chats, sannan Chat backup, ka duba ranar ajiya ta ƙarshe da kuma wane Gmail aka sa. Tabbatar kana tune da kalmar sirrin wannan Gmail ɗin, domin da yawa a shago aka buɗe musu, su kansu ba su san ta ba. Duba lambobinka ma, a Google suke ko a cikin waya kawai. Kuma duk mai gyaran da ya ce zai yi wa wayarka falashin, ka tambaye shi tukuna me zai tafi, me zai rage.

In ka duba ka ga ranar ajiyarka ta ƙarshe ta ba ka tsoro, faɗa mana a ƙasa. Ka tura wa iyaye da 'yan uwa da ke ajiye lissafin kasuwa a waya. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, sai mun haɗu a darasi na gaba.