Ketamin: daga ɗakin tiyata zuwa ciwon damuwa

Shekarun baya, wata ɗalibata ta rubuta a bayan littafinta cewa ta gaji da duniya. Da muka kai ta asibiti ni da mahaifiyarta, likita ya ba ta maganin ciwon damuwa, ya ce sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin ya kama jiki. Waɗannan makonni sun hana ni barci, su ne kuma suka sa na bi tarihin ketamin.

A 1962 Calvin Stevens ya haɗa shi wa kamfanin Parke-Davis a Amurka, don sa majiyyaci barci lokacin tiyata. An gwada shi kan fursunoni a jihar Mishigan a 1964, aka ba da izinin amfani da shi a 1970, aka yi wa sojojin da suka ji rauni a yaƙin Biyetnam aiki da shi. Ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan barci, shi ya sa har yau asibitocin karkara a Afirka suke dogara da shi.

A 2000 likitocin jami'ar Yale suka ga cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana sassauta damuwa mai tsanani cikin awoyi. Bincike na gaba ya nuna tunanin kashe kai ma yakan lafa da sauri. A 2019 Amurka ta amince da esketamin, wanda ake fesawa a hanci, a 2020 kuma ta yarda a ba masu irin wannan tunani.

Sai dai sauƙin allura ɗaya yakan gushe cikin kwanaki, kuma ba a tabbatar yana hana mutum hallaka kansa ba. Shansa barkatai yana kama mutum, yana lalata mafitsara. A gaban likita kawai ake ba da shi.

Iyaye da malamai, darasin a nan yake: tunanin da magani ke iya kwantarwa ciwo ne, ba iskanci ba. Idan ƴaƴanmu suka furta shi, kada mu tsawata. Mu saurara, mu kai su asibiti a ranar, kada a bar su su kaɗai. Ɗalibata ba ta sami ketamin ba. Mahaifiyarta ce ta kwana kusa da ita har maganin ya kama.