'Yan'uwanmu na Bakin Nilu

Dattawan da suka shiga ekklesiya tun zamanin S.I.M. da S.U.M. sun saba da sunan Sudan, gama haka Turawan mishan suke kiran dukan ƙasar baƙar fata daga yamma zuwa gabas. Amma akwai Sudan ta bakin kogin Nilu, mai babban birni Khartum, da Omdurman a ƙetaren ruwa. A can akwai Hausawa masu ɗimbin yawa, galibinsu Musulmi. Larabawan wurin suna haɗa su da Fulani da Barebari su ce musu Fallata ko Takari.

Hanyar Makka ce ta kai yawancinsu. Mutum yakan tashi daga Kano ko Katsina da ƙafa, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, in guzuri ya ƙare ya tsaya ƙwadago. Wani shekara biyu, wani har mutuwa. A 1903 kuma, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, suka kafa gari kusa da Sennar, wanda har yau ake kira Mai Wurno. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun mutanenmu ya yi aiki ƙwarai a cikinsu.

To, yaya hukumar gida ta yi da su? Da fari dai tsoro ne ya sa ta waiwaye su. Kabarin Mahadi yana Omdurman, Turawan mulki kuwa suna fargaba kada masu komowa su kawo wa'azin Mahadiyya cikin Arewa. Saboda haka wajen 1925 wani jami'i mai suna Lethem ya bi sawun mahajjata har Sudan, ya rubuta abin da ya gani. Aka kuma ɗora wa mai niyyar tafiya yankar fasfo da ajiye kuɗin komowa. A shekarun 1950 aka buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Khartum, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta aika ɗalibai kwalejin malamai ta Bakht er-Ruda. Malam Abubakar Gumi yana cikinsu.

A ganina kuskuren yana nan: hukuma ta ɗauke su duka matafiya ne, alhali da yawa sun riga sun gina gida, sun binne iyaye a can. A'isha al-Fallatiya, wadda muryarta ta cika rediyon Omdurman tun shekarun 1940, 'yar Hausawa ce haifaffiyar Kasala. Ina za a ce ta koma? Ita ma Sudan ba ta rungume su hannu biyu ba. Bayan ta sami 'yancin kai a 1956, dokarta ta zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi, ka ga bai shiga ba ke nan. Daga baya aka sassauta dokar. Da jirgin sama ya ɗauke aikin hajji, hanyar ƙasa ta mutu, zumunci ya ragu tare da ita.

A 2017 Nijeriya ta yi dokar kafa hukumar kula da 'yan ƙasa mazauna waje, NIDCOM, wadda Abike Dabiri-Erewa ta fara shugabanta. An gwada ta a Afrilu 2023, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun RSF. Gwamnati ta yi hayar motoci, aka kwashe ɗalibai, da yawansu daga Jami'ar Afirka ta Duniya, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan, daga nan jirage suka kawo su Abuja. Sun sha wuya a hamada da bakin iyaka, amma sun iso, iyaye kuwa suka yi godiya ga Allah.

Jikokin mutanen Mai Wurno fa? Su 'yan Sudan ne a takarda, ba su da fasfon da zai ba su kujera a motocin nan. Wata tara kafin haka, a Yuli 2022, an kashe Hausawa da dama a rikicin ƙasa a jihar Blue Nile, har 'yan'uwansu suka fito zanga-zanga a titunan Khartum. Gwamnatin Sudan suka kai wa kukansu.