Alƙalin da Aka Hana Kallon Bidiyo

A shekarar 1992 ƙungiyoyi 28 suka hallara a ɗakin wasannin wata makarantar sakandare da ke Manchester, jihar New Hampshire a Amurka, kowace da mutum-mutumin da ɗalibanta suka ƙera. An baza ƙwayar masara a filin, na'urorin suna bi ta kanta suna tsintar ƙwallayen tanis. Gasar FIRST ta farko ke nan, wadda Dean Kamen ya kafa ƙungiyarta a 1989, Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT kuma ya zama ginshiƙinta.

A 1992 ɗin ce hukumar NFL, mai kula da ƙwallon Amurkawa, ta daina yanke hukunci da bidiyo. Ta fara a 1986, ta ga yana cinye lokaci, ta jingine shi, ba ta dawo da shi ba sai 1999. Ita dabarar maimaita hoto nan take ta girmi wannan duka, don Tony Verna na gidan talabijin na CBS ya fara nuna ta a Disambar 1963. Ƙwallon ƙafa ya daɗe yana turjiya kafin VAR, wato taimaka wa alƙali da bidiyo, ta shiga gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018.

Gasar ɗaliban dai ta kama tata hanyar. Shekara da shekaru littafin dokokin FIRST yana cewa alƙalai ba za su duba hoto ko bidiyon kowa ba, haka ma gasar mutum-mutumi ta VEX. Wanda yake da ƙorafi, ɗalibi ne zai je ya tsaya a wani ɗan wuri da aka shata a gefen fili, ya jira babban alƙali, ya yi masa bayani da bakinsa. Malami ba ya sa baki, uba ba ya sa baki. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai. Yaro ɗan shekara goma sha shida ya koyi kare haƙƙinsa cikin ladabi gaban babba, ai ba ƙaramin karatu ba ne.

Dalilan hanin ma ba na banza ba ne. Alƙalan 'yan sa-kai ne. Wasa ɗaya bai kai minti uku ba, ana jera su da yawa a wuni, in aka tsaya duba kowanne sai dare ya yi. Wayar da uba ya ɗauka daga cikin 'yan kallo kuwa ɓangaren ɗansa kawai take nunawa, ga makarantar masu hali da kyamarori, ta talakawa ba ta da ko ɗaya.

Amma zamani ya sauya. Yanzu masu shirya gasar da kansu suke watsa wasannin kai tsaye ta intanet. A gasar FIRST mutum-mutumi shida ne a fili, uku da uku, suna gudu suna karo, ido ba zai iya bin su duka ba. Ɗan kallo a gida yana iya komawa baya ya ga an taka layi, alƙali ne kaɗai aka ɗaure wa hannu. Yaran da suka yi makonni tun watan Janairu suna yanka ƙarfe da rubuta manhaja, bai kamata a sallame su kan kuskuren da kowa ya gani ba.

Ni a ganina, a bar wasannin share fage yadda suke. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale kuwa, a kafa kyamarar masu gasa a saman fili, a ba kowane ɓangare damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya, kuma ɗalibi ne zai nema.